Wace fitilar keke ce ba za ta mutu wa mutum a tsakar hanya ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye ta wajen Kalfu. Kullum nakan ɗauko kayan garka a keke in kawo kasuwar Tawa tun kafin asuba, wani lokacin kuma sai bayan isha'i nake komawa. Na gaji da sayen fitila. Ta caji da na saya tana haske kamar mota, amma ba ta rufa wata uku ba ta daina ɗaukar caji. Ta batir kuma cin kuɗi gare ta. Babana ya ce in koma wa dinamo irin na da. Wacce ce za ta riƙe ni?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka. Abin da kake so shi ne fitilar da za ta kama duk ranar da ka taɓa ta, ta kuma kai ka har gida ba ta ɗauke ba. Mai shago kuwa ƙarfin haske yake tallatawa, don shi ne abin da zai iya nuna maka nan take kafin ka ciro kuɗi. Juriya ba ta ganuwa a shago, sai fitila ta sha ƙura da rana da gargada tukuna. Sana'ata gyaran keke ce a nan Tawa, kuma tun da fitilun caji suka cika kasuwa, aikin waya da batir ya zama babban kaso na abin da ake kawo mini. Daga abin da nake buɗewa nake gani zan ba ka amsa.

A yawancin fitilun da ake kawo mini an ce sun mutu, ƙwan da ke ba da hasken lafiyarsa lau. Ƙwan LED na zamani, in bai yi zafi fiye da kima ba, yana iya yin awa dubbai yana ci, kuma ba shi da ɗan siririn zaren nan da girgiza ke tsinkewa. Abin da ke mutuwa shi ne abin da ke kewaye da shi: batir, ramin caji, maɓallin kunnawa, wurin da waya ta haɗu da ƙarfe, ko maɗaurin da ke riƙe fitilar a jikin keke. Ƙasarmu kuma tana gwada duk waɗannan a lokaci guda. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40 a inuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga duk wata kafa. Damina gajeriya ce amma ruwanta da ƙarfi yake zuwa. Hanyar burji kuma tana jijjiga keke daga ƙauye har gari. Saboda haka duk fitilar da za ka duba, ka tambayi kanka: wuraren da za ta iya lalacewa nawa ne, kuma in ta lalace, akwai gyara?

Maganar Baba: dinamon gefen taya

Baba bai yi kuskure ba, sai dai maganarsa na buƙatar ƙari. Dinamon da ya sani shi ne mai kama da ƴar kwalba, wanda ake dannawa kansa ya jingina da gefen taya, irin na tsofaffin Raleigh da Phoenix. Yana ba da volt 6 da watt 3, a raba su biyu: watt 2.4 ga fitilar gaba, 0.6 ga ta baya. Babbar falalarsa ita ce ba ya tambayar ko an kawo wuta a garinku. Muddin ƙafarka na juyawa, akwai lantarki.

Amma wanda ya hau irin wannan keken ya san halinsa. Da ka rage gudu haske ya dushe, da ka tsaya ya mutu ɗungum, wato daidai wurin da ka fi buƙatarsa, a bakin kwari ko inda rairayi ya kama taya. In an yi ruwa, kan dinamon yana sulɓi a jikin taya, haske ya riƙa zuwa yana tafiya. In ba a daidaita shi da kyau ba yana cinye gefen taya har zare ya fito. Yawancinsu kuma waya ɗaya gare su, ƙarfen keken ne ke zama waya ta biyu, to da tsatsa ta shiga wurin ƙusa sai wuta ta yanke, mutum ya yi ta canza ƙwai a banza. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: in ƙwan baya ya ƙone, duk wutar sai ta koma kan na gaba, shi ma ba ya daɗewa, musamman a gangara. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce kekensa "cin ƙwai" gare shi.

Yawancin wannan aibin na tsohon ƙwai ne da waya, dinamon kansa kuwa yana da wuyar mutuwa. In ka sami kan fitilar LED wanda aka yi don dinamo mai volt 6, ka ja masa waya biyu har jikin dinamon, ka sa kan dinamon ya zauna sambal a kan taya, za ka sami haske da ya ninka na da, kuma yana kamawa tun kana tafiyar da ba ta fi ta ƙafa sosai ba. Ka lura da cewa na ce wanda aka yi don dinamo. Wutar dinamo mai kai-da-komo ce, ƙarfinta kuma na hawa da gudu. In aka haɗa ta kai tsaye da ƙwan tocila, gangara ɗaya ta isa ta ƙone shi.

Dinamon cikin cibiyar ƙafa

Wannan shi ne wanda na fi yarda da shi, kuma ba na ɓoye hakan ga duk wanda ya tambaye ni. Injin yana cikin cibiyar ƙafar gaba, a rufe, ba ya taɓa taya. Ruwa ba ya sa shi sulɓi, laka ba ta dame shi ba, ba ya yin ƙara, nauyin da yake ƙara wa ƙafarka kuma kaɗan ne ƙwarai, da ƙyar za ka ji shi da kaya a baya. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Sturmey-Archer na Ingila ya fara yin irinsa tun shekarun 1930, yau kuma na Shimano ne ya fi yawo a duniya. Shi ma volt 6 ne, watt 3 ko 2.4.

A nan ba ka cika samun sabo a shago ba. Inda yake ɓoye shi ne jikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan. Ka duba cibiyar ƙafar gaba: in ka gan ta da kauri kamar ƙaramin gwangwani, da ɗan wurin soka waya a gefe ɗaya, to shi ne. Sau da yawa ana sayar da keken ba wanda ya kula, don wayar ta tsinke tun a hanya. Ka ɗaga ƙafar ka juya ta da hannu. In ka ji tana ɗan ciccijewa daki-daki, kada ka ɗauka lalacewa ce, maganaɗisun da ke ciki ne. Nakan ji takaici in na ga an buɗe irin wannan cibiyar da guduma wai za a sa mata mai, domin akwai wata siririyar waya a ciki da ke tsinkewa, kuma in ta tsinke gyaranta sai an sha wuya.

Fitilun kirki da ake haɗawa da shi suna da ɗan ma'ajin wuta a ciki wanda ke riƙe ƙaramin haske na ƴan mintoci bayan ka tsaya. Ba zai haska maka hanya ba, amma mai babur zai gan ka a mararraba. Waɗanda aka yi don kasuwar Jamus suna da alama a jikin gilashin, layi mai lanƙwasa da harafin K da lamba. Dokar can ta tilasta a yanke hasken daga sama, ya kwanta a kan hanya kamar na mota, kada ya shiga idon mai tahowa. In ka ci karo da mai wannan alamar a gwanjo, kada ka bari ta wuce ka.

Yana da iyakarsa. Dole girman ƙafar ya dace da kekenka, in ba haka ba sai an kwance cibiyar an sake ɗaura ta da tsinkayen ƙafa masu tsawon da ya dace, wannan kuma aikin gwani ne. Sannan in hanyarka rairayi ne da yawa, kana sauka kana turawa, hasken zai riƙa ƙyaftawa. A irin wannan wurin dinamo shi kaɗai bai wadatar ba.

Me ya kashe fitilarka ta caji?

Ban buɗe ta ba, amma abin da ka bayyana na sha ganinsa. Ko dai ramin cajin ya saki daga jikin allon da ke ciki, ko ƙura da gumi sun cinye ƴan haƙoransa, ko kuma batirin ne ya gaji. Ƙaramin ramin nan irin na tsofaffin wayoyin Android da ɗan dalma kawai aka liƙa shi, kullum ana soka waya ana zarewa, wani lokaci a shagon caji inda yaro ke fizgar wayoyi da sauri. Murfin robar da ke rufe shi kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa.

Batirin lithium ba ya son zafi. A yanayi mai kyau yakan ɗauki caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, kuma masu yin sa sun ce kada a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Ka tuna inda kekenka yake wuni. Yana jingine a kasuwa, rana na dukan baƙar fitilar tun hantsi har la'asar, sannan a kai ta caji tana da zafi. Batirin da zai yi shekara biyu sai ya tsufa a bazara ɗaya. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar fitilar nan mai ɗan faranti na sola a bayanta. Farantin bai kai tafin hannu ba, wutar da yake tarawa kaɗan ce, kuma kafin ya tara ta sai ka gasa batirin a rana. In kuna da sola a gida ko a shagon unguwa, ka yi caji da ita a inuwa, ya fi.

Bari in ba ka lissafin da zai kare ka daga ƙaryar kwali. Yawancin waɗannan fitilun batir ɗaya ne a cikinsu, wanda ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Volt 3.7 yake bayarwa, kuma a mAh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, mafi kyawunsa a duniya ba ya wuce wajen 3500 zuwa 4000. Duk wanda ka ga an rubuta masa 8800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa in ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau. Batir na gaske mai mAh 2500 yana ɗauke da wutar da za ta ciyar da watt 9 na awa ɗaya. Ƙwan LED kuma yakan ba da wajen lumen 100 a kowane watt, lumen kuwa shi ne ma'aunin yawan haske. To fitilar da ke ba da lumen 1000 da gaske tana shan watt 10, batir ɗaya ba zai kai ta awa guda ba. Lumen 1000 ɗin nan shi ne kusan hasken ƙasa na ƙwan mota guda ɗaya irin H4. Don haka in kwali ya ce lumen 5000 na awa 8 a fitilar da ke shiga aljihu, ka ajiye ta. Abin da irinsu ke yi shi ne su buɗe da haske mai kashe ido na ƴan mintoci, sannan su riƙa sauka a hankali ba ka lura ba.

Ba ka ma buƙatar wannan hasken. Da kaya a keke da wuya ka wuce kilomita 15 a awa, wato wajen mita 4 a kowace daƙiƙa. In kana ganin mita 15 zuwa 20 a gabanka, kana da lokacin ganin rami ko amalanken da ba shi da fitila, ka taka birki. Lumen 200 zuwa 300 da aka kwantar a kan hanya sun isa wannan, kuma a wannan matakin batir ɗaya na gaske zai kai ka wajen awa uku.

Akwai wani halin fitilar caji da ya fi damuna a kan tafiyarka. A cikinta akwai abin da ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa, don kada ya lalace. Wasu suna gargaɗi da ɗan jan haske, wasu kuwa ɗif suke ɗaukewa lokaci guda. Idon da ya saba da haske mai ƙarfi yana ɗaukar lokaci kafin ya sake ganin duhu, kuma a wannan ɗan tsakanin ne mutum ke faɗawa rami ko ya hau kan dabbar da ke kwance a hanya.

In ta caji za ka saya, ka nemi wadda ake kwance bayanta a zaro batirin. Ita ce ke da gyara: batir ya gaji ka canza, ramin caji ya mutu ka yi cajin batirin a waje, kuma kana iya riƙe na biyu a aljihu, a naɗe cikin leda ko ɗan akwatin roba, nesa da makulli da kuɗin ƙarfe, domin in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa yana iya kamawa da wuta. Jikinta ya zama na alminiyom, don shi ke fitar da zafin ƙwan. In akwai rubutun IP a jiki, lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa: IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure feshin ruwa. IPX4 kuwa yayyafi kawai aka gwada, ba a ce komai a kan ƙura ba. Batirin da ya kumbura ko yake zafi a caji, ka rabu da shi, kada ka kwana da shi a ɗaki.

Ta batirin shago

Gaskiyarka, tana cin kuɗi, ba zan ce ka dogara da ita kullum ba. Amma tana da abu biyu da sauran ba su da shi. Batirinta yana nan a kowane tebur daga Tawa har ƙauyenku, kuma in zai ƙare a hankali yake dushewa, yana ba ka labari tun da sauran tafiya. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan da batir mai araha ke zubarwa in ya kwana biyu a ciki, ya cinye sifirin. Sai kuma girgiza, wadda ke sa batir ya riƙa rabuwa da ƙarfen, fitila na ƙyaftawa. Ka ɗan ja sifirin ya miƙe, ka goge tsatsar, ka naɗa wa batirin takarda ya zauna daram. In ba za ka yi amfani da ita ba kwana da yawa, ka cire batirin. A matsayin fitila ta biyu, ba ta da na biyu.

Inda ka ɗaura ta

Maɗaurin roba mai ja yana tsagewa a ranarmu, na filastik mai ƙusa ɗaya kuma yana sakin jiki a gargada, fitila ta sunkuya tana haska taya. Maɗaurin ƙarfe da aka ɗaure a ƙusar da ke saman ƙafar gaba shi ya fi riƙewa. Ka sa yankin tsohon tub a tsakani don ya sha girgizar. Wurin yana da wani amfani: hasken da ya fito daga ƙasa-ƙasa yana sa rami da dutse su yi inuwa, ka gan su tun daga nesa.

Na san da yawa daga cikin masu zuwa kasuwa da asuba tocilar goshi suke ɗaurawa. Tana da amfani wajen gyaran kaca ko duba kaya, amma a kan hanya tana shafe inuwar ramuka, domin hasken daga daidai idonka yake fita. A hunturu kuma ta fi muni: ƙurar da ke gaban fuskarka ce ke fara ɗaukar hasken ta dawo maka da shi, sai ka ga fari fat. Kuma duk wanda ka kalla ka kashe masa ido, har da direban da ke tahowa. Kowace fitila ka sa, ka karkata ta ƙasa yadda tsakiyar hasken zai sauka wajen taku goma sha biyar a gabanka, kuma kada ka sa ta a ƙyaftawa cikin duhu, don mai tahowa ba ya iya gane nisanka.

Ba ka tambaye ni fitilar baya ba, amma ba zan yi shiru ba. Inda hanyarka ta hau kwalta, haɗarin da ya fi girma daga baya yake zuwa, daga manyan motoci da masu babur. Buhun kayan garka yakan rufe fitilar da ke ƙarƙashin sirdi, saboda haka ka ɗaura ja a ƙarshen kariya, inda kaya ba sa kaiwa. Ƙaramar jar LED ba ta shan wuta, batir biyu na kai ta makonni. Ka ƙara da abin nan mai ƙyalli in haske ya doke shi, a kariya da feda, ko tef mai ƙyalli a jikin kwandon. Shi ba ya buƙatar batir ko waya.

Abin da zan yi da ni ne kai

Zan fara zagaya masu kekunan gwanjo in nemi ƙafar gaba mai dinamo a cibiya wadda ta yi daidai da kekena, in haɗa ta da kan LED na dinamo da jar fitilar baya, waya biyu, a bi da ita jikin ƙarfe a ɗaure da kyau, a bar ɗan sassauci wurin da kan keke ke juyawa don kada ta tsinke. Sannan in riƙe ƙaramar tocila mai batirin shago a aljihu saboda rairayi da faci. In ƙafar ba ta samu ba, ko kuɗinta ya yi yawa a yanzu, to ka bi maganar Baba da gyaran da na faɗa: dinamon gefen taya da kan LED, tare da fitilar caji mai batirin da ake cirewa, wadda za ka riƙa kunnawa a matsakaicin haske. Wannan shawarar ta mai tafiyar ƙauye ce irinka. Ɗalibin da ke yawo cikin Yamai inda akwai fitilun titi, yana kuma kwana kusa da soket, fitilar caji mai kyau ta ishe shi.

Sunan kamfani ba zan ba ka ba, domin kwali ɗaya yau da wani abu a ciki, gobe da wani. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka kunna ta minti goma a gabansa. In jikinta ya ɗumama kuma hasken bai faɗi ba, alama ce mai kyau. Ka bubbuga ta a tafin hannu, in ta ƙyafta ka mayar masa. Ita kuma waccan da ta daina ɗaukar caji, kada ka jefar. Ka kawo ta, ko ka kai wa mai gyaran waya ya duba ramin cajin da batirin, sau da yawa ɗayansu ne, kuma kuɗin gyaran bai kai na sabuwa ba.